Yadda Ake Koyon Tsohon Girkanci, Daga Baƙaƙe Har Zuwa Karanta Homer

Duk wanda ya taɓa cewa "alƙalami" ya furta Girkanci bai sani ba. Kalamos suke kiran karan da ake fiƙewa a yi rubutu, Larabawa suka karɓa ya zama ƙalam, mu kuma muka ɗauko shi har da "al" ɗinsa. Haka dirhami ya fito daga darakma, kuɗin Girkawa, daftari daga diftera, fatar da ake rubutu a kai, falsafa kuwa daga filosofiya. Almajirin da ya karanta Sullam na Ahdari a zaure, a fannin mandiƙi, tunanin Aristotal yake taunawa, wanda ya biyo ta hannun masu fassara na Bagadaza irin su Hunainu bin Is'haƙ da ya rasu a 873. Mun daɗe muna shan ruwan nan daga tulun wasu. Wannan bayani na wanda yake son zuwa bakin rijiyar ne da gugansa.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, Bahaushen da ya yi allo, ya ɗan taɓa nahawu, ya fi Bature kayan aikin wannan karatu. Littattafan dai da Turanci aka rubuta su, shi ya sa ba sa gaya maka haka.

Mataki na farko: zaɓi Girkancin da za ka koya

Girkanci ba ɗaya ba ne. Akwai na Homer, tsohon mawaƙin Girkawa, harshen waƙa wanda ba a taɓa cinikin kasuwa da shi ba. Akwai karin Iyoniya na Herodotus marubucin tarihi, kuma daga sunan Iyoniya ne Larabawa suka samo Yunan. Akwai karin Atika, na birnin Atina a ƙarni na 5 da na 4 kafin Miladiyya, harshen Aflatun da Zenofon da Tukididis. Sai Koine, gama-garin da ya bazu bayan yaƙe-yaƙen Iskandar na Makidoniya, wanda ya mutu a 323 kafin Miladiyya. Da shi aka rubuta Sabon Alkawari.

Ka fara da na Atika. Wanda ya iya shi zai karanta Koine kamar gangara, amma wanda ya fara da Koine, ranar da ya buɗe Aflatun zai ji kamar bai taɓa karatu ba. In kuwa Linjila ce kaɗai buƙatarka, kamar ɗaliban makarantun horar da fastoci, to ka tafi Koine kai tsaye. Girkancin da ake magana da shi yau a ƙasar Girka wani karatu ne daban.

Mataki na biyu: baƙaƙe, mako biyu

Haruffa 24 ne. Girkawa sun aro su daga Finikiyawa wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, suka ƙara abin da babu a can, wato rubuta wasula a matsayin haruffa. Saurari farkonsu: alfa, beta, gamma, delta. Yanzu tuna lissafin abajada: alif, ba, jim, dal. Gida ɗaya suka fito, kuma su ma Girkawa suna lissafi da haruffansu kamar masu hisabi.

Samu littafin rubutu, ka rubuta kowane harafi babba da ƙarami, kana kiran sunansa da ƙarfi, har ka iya jero su a ka. Jerin yana da amfani don da shi za ka buɗe ƙamus. Ka kula da masu yaudara: ρ ba "p" ba ne, "r" ne, ν "n" ne, Η doguwar "e" ce. Sigma tana da fuska biyu, σ a tsakiya, ς a ƙarshen kalma, abin da ba zai ba mai karatun ajami mamaki ba. Gamma biyu a jere kuma "ng" ake karantawa, shi ya sa ἄγγελος, wato manzo, ake cewa angelos.

Duk kalmar da ta fara da wasali tana ɗauke da ɗan ƙugiya a sama. In ya fuskanci dama, akwai "h" a farko. In hagu, babu. Kada ka raina shi: ὄρος dutse ne, ὅρος kuma iyaka.

Mataki na uku: horar da kunne

Nan ne Hausarka za ta fara biyanka. Tsohon Girkanci yana bambanta dogon wasali da gajere: ο gajere, ω dogo, ε gajere, η dogo. Kai da ka san garin da ake zama a ciki ba shi ne garin tuwo ba, wannan ba sabon abu ba ne a gare ka.

Na biyu, karin sauti. Waɗannan ƴan alamomi uku da ke kan wasula, waɗanda ake jingina ƙirƙirarsu ga malaman Iskandariya wajen shekara ta 200 kafin Miladiyya, hawa da saukar murya suke nunawa. Mai karkata dama murya ta hau, mai lanƙwasa ta hau ta faɗo a gaɓa guda, irin faɗuwar da ke cikin "kai" na jiki. βίος rayuwa ce, βιός bakan harbi, kamar yadda kukan jariri ya bambanta da kukar miya. Yawancin ɗaliban Turai sun kasa wannan, sai su danna gaɓar da ƙarfi kawai. Kai babu dalilin da zai sa ka ari gazawarsu. Ka haddace kowace kalma da karinta tun ranar farko, domin komawa gyara daga baya ya fi wuya.

Furuci iri uku za ka ci karo da su: na makaranta da ake jingina wa Erasmus tun littafinsa na 1528, na Girkawan yau, da wanda masana suka sake ginawa na zamanin Atina. A na yau, η da ι da υ da ει da οι duk "i" ake faɗa, beta kuma ta sauya sauti, abin da ke rikita mai koyon rubutu. Ɗaya daga cikin hujjojin tsohon furuci abin dariya ne: wani mawaƙin barkwanci na Atina ya rubuta kukan tumaki βῆ βῆ, wato "bee bee" a tsohon furuci, kuma tunkiya dai ba ta sauya kuka ba. Ɗauki na ukun, wanda masana suka sake ginawa, ka tsaya a kansa.

Mataki na huɗu: littafi ɗaya tak

Na ɓata watanni ina tara littattafai a waya, in karanta darasi uku a wannan in koma wancan. Kada ka yi haka. Athenaze, juzu'i biyu, yana koyarwa ta labarin wani manomi Dikayofolis da malalacin bawansa, kuma shi ya fi dacewa da mai karatu shi kaɗai. Reading Greek na Kambirij, wanda ya fara fitowa a 1978, ya buɗe ne da labarin wasu ƴan damfara da ke son nutsar da jirgin ruwa don su cinye bashi, yana kuma saurin kai mutum ga nassi na gaske. Na Hansen da Quinn darasi 20 ne na nahawu zalla, sai mai taurin rai. Wanda ba shi da kuɗi, tsohon First Greek Book na White, na 1896, yana nan kyauta a intanet.

Minti 40 kullum ya fi awa biyar ranar Asabar. Bayan asuba ya fi, kafin gida ya tashi. A haka, ka ba kanka shekara guda zuwa ɗaya da rabi ka sauke littafin.

Mataki na biyar: suna da i'irabinsa

Fara da haddace ὁ, ἡ, τό, wato kalmar da ke aikin "al" ta Larabci. Tana sauyawa da jinsi da adadi da matsayi, gurbi 24 ke nan. Rera ta kamar karatun allo har ta zauna, domin ita ce fitilarka: ko ba ka gane suna ba, ita za ta gaya maka aikinsa a jimla.

Jinsi uku ne, namiji, mace, da na uku wanda ba ko ɗaya. Matsayin suna biyar: aikau, mallaka, wanda aka yi wa ko aka yi da shi, karɓau, da kira. In ka san rafa'u da nasabu da jarru, rabin aikin ya ƙare; sabo a gare ka shi ne na ukun, wanda ke ɗaukar ma'anar "wa" da "ma" na Hausa, wani lokaci "da". Har musanna suna da shi, ko da yake ba ya yawan fitowa.

Duba: ὁ παῖς τὸν ἵππον ὁρᾷ, yaro yana ganin doki. τὸν παῖδα ὁ ἵππος ὁρᾷ, yaron ne dai a gaba, amma yanzu doki ke ganinsa. Ƙarshen kalma ke hukunci, ba wurin zamanta ba. Ka saba wa idonka da duban wutsiyar kalma kafin kanta.

Mataki na shida: aikatau, inda ake zubewa

Yawancin masu barin Girkanci a nan suke ajiye kaya, don haka bari in daɗe a kai.

Kowane aikatau yana da ginshiƙai shida da ake gina sauran siffofinsa a kansu. Na kirki irin λύω, kwance, suna bin doka: λύω, λύσω, ἔλυσα, λέλυκα, λέλυμαι, ἐλύθην. Kana ganin saiwar ba ta ɓace ba, ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya ne ke sauyawa. Amma waɗanda aka fi amfani da su sun fi kowa taurin kai. "Ɗauka" φέρω ne, "zan ɗauka" οἴσω, "na ɗauka" ἤνεγκα, ba mai kama da ɗan'uwansa. In ka ga εἶδον, na gani, a ƙarƙashin ὁράω za ka same shi a ƙamus. Babu dabara a nan sai hadda, yadda aka haddace jam'in Hausa ba tare da tambayar me ya sa doki ya zama dawaki ba. Aikatau biyu a rana, ginshiƙansu shida, da baki da alƙalami. In ka kama kamar 100 mafi yawan fitowa, hanya ta buɗe.

Sai batun yanayin aiki. Littattafan Turanci sukan cika shafuka suna bayanin bambancin ἔγραφε da ἔγραψε. Da Hausa layi ɗaya ne: "yana rubutawa" a wancan lokaci, da "ya rubuta". Har a umarni bambancin yana nan, tsakanin "riƙa yi" da "yi". Duk lokacin da ka ci karo da wannan, fassara wa kanka da Hausa, za ka ga ta fi kama shi.

Akwai kuma murya ta tsakiya, bayan ta mai aikatawa da ta wanda aka aikata wa. Tana nuna aikin ya komo kan mai yinsa ko don amfaninsa. λούω na wanke wani, λούομαι na yi wanka. παύω na tsayar, παύομαι na tsaya. δανείζω na ba da rance, δανείζομαι na ci rance. Mai cewa saya da sayar, koya da koyar, ya riga ya san saiwa ɗaya kan juya fuska.

Na ƙarshe, Girkawa suna son cusa jimla guda cikin kalma ɗaya mai rabin aikatau rabin sifa, irin isimul fa'ili. ταῦτα ἀκούσας ἀνέστη: da ya ji haka, sai ya miƙe. Kusan kowane layi na zube yana da irinta. Ka riƙa warware ta da "da ya", "bayan ya", "saboda ya", "ko da yake ya", ka ga wanne ya zauna.

Ƴan ƙananan kalmomi irin μέν da δέ da γε da δή da οὖν, masu fassara zuwa Turanci sukan tsallake su don ba su da inda za su sa su. Mu muna da dai, fa, kam, kuwa, ma, ai. "Ni kam na tafi, shi kuwa ya zauna": ga μέν da δέ nan a bakinka.

Mataki na bakwai: kalmomi da tilawa

Dickinson College ta fitar da jerin kalmomi wajen 500 da suka fi yawan fitowa, kyauta ne. Zuba su a manhajar Anki, ko ka yanka kwali ka rubuta, kalma goma a rana. Suna ka haddace shi da siffar mallakarsa da jinsinsa. Ka ware rana guda a mako ba sabon darasi, sai maimaita tsoho da ƙarfi, kamar yadda gardi ke tilawa. Karanta labarin da ka riga ka fahimta sau uku ya fi amfani da kokawa da sabo sau ɗaya.

Mataki na takwas: shiga nassi na gaske

Kada ka jira sai ka "gama nahawu", ba a gama shi. Da ka kai kashi biyu cikin uku na littafinka, fara da tatsuniyoyin Isof ko Linjilar Yahaya, wadda Girkancinta ke da sauƙi ƙwarai.

Daga nan sai Anabasis na Zenofon, labarin sojojin haya na Girka kimanin 10,000 da suka bi Sairus ƙarami a 401 kafin Miladiyya don ya ƙwace sarautar Farisa daga wansa. Aka kashe shi a Kunaksa kusa da Babila, suka rage a tsakiyar ƙasar abokan gaba, suka ratsa duwatsu har suka hango Baƙin Teku suna ihun θάλαττα θάλαττα, teku, teku. Zenofon yana yawan maimaita "daga nan ya yi gaba zango kaza, farsakhi kaza", kamar mai ba da labarin fatake, kuma maimaicin nan rahama ne ga sabon shiga.

Bayan shi, jawabin farko na Lisiyas: wani magidanci yana kare kansa a kotu bayan ya kashe kwarton da ya kama da matarsa. Gajere ne, kuma za ka leƙa cikin gidan mutumin Atina, bene da ƙasa, da kuyanga mai kai saƙo. Sai jawabin kare kai na Sokratis da Aflatun ya rubuta, kan shari'ar 399 kafin Miladiyya, lokacin yana da shekara 70, ana tuhumarsa da lalata matasa da ƙin allolin gari. Herodotus ya biyo baya. A littafinsa na biyu akwai labarin wasu samari daga Libiya da suka ratsa hamada har suka iske babban kogi mai kadoji yana gudu daga yamma zuwa gabas, wanda wasu masana ke zaton Kwara ce. Tukididis kuwa ka bar shi sai ka yi ƙwari. Tun a zamanin da, masu harshen kansu sun yi kukan wuyarsa.

Ga yadda zaman karatu yake. Karanta jimlar da ƙarfi har ƙarshe ba tare da duba komai ba. Nemo aikatau mai tsayuwa da kansa, sannan aikau. Raba sauran gida-gida. Sai yanzu ka buɗe ƙamus. In ka gane, sake karanta ta a jerinta na Girkanci har ma'anar ta zo ba tare da juyawa ba. Layi goma a rana ya isa a farko.

Ƙamus na Liddell da Scott, wanda ya fara fitowa a 1843, shi ne uban tafiya, kuma yana cikin shafin intanet na Logeion na Jami'ar Chicago kyauta. Shafin Perseus na Jami'ar Tufts yana da nassoshi, in ka taɓa kalma ya feɗe maka ita. Amfaninsa ke nan, kuma illarsa ke nan: na yi wata biyu ina latsa kowace kalma, na gama littafi ban riƙe komai ba. Ka yi hasashenka tukuna, ka rubuta, sannan ka latsa. Haka littattafan Loeb masu koren bango, Girkanci a hagu Turanci a dama: rufe dama da takarda sai ka gama naka. In nahawu ya cije, littafin nahawu na Smyth na 1920 ake tambaya, amma ba a karanta shi daga bango zuwa bango.

Mataki na tara: tarihi da tunani su tafi tare da harshe

Zana taswirar tekun Ejiyan da hannunka, ka sa Atina, Sparta, Korinti, Tebes, Delfi, Miletus, da tsibirin Kirit. Ka kafa ƴan turaku na shekaru, duk kafin Miladiyya: gyaran Kilistenis da ya haifi dimokuraɗiyyar Atina wajen 508, yaƙin Maraton 490, yaƙin Salamis 480, yaƙin Atina da Sparta 431 zuwa 404, Aristotal 384 zuwa 322. Duk abin da ka karanta, ɗaure shi a ɗaya daga cikinsu.

Ka buɗe shafi na musamman don kalmomin da ba sa fassaruwa da kalma ɗaya, kana rubuta kowace jimla da ka same su a ciki. λόγος magana ce, hujja ce, lissafi ne, hankali ne. ἀρετή nagarta ce, amma doki ma yana da tasa, wuƙa ma haka. ξένος baƙo ne kuma mai masauki ne. αἰδώς kuwa na ga ana ta fama da ita a Turanci, alhali kunya ce irin tamu, wadda ta haɗa jin nauyi da girmamawa. Ita ma dimokuraɗiyyar, kada ka ɗora mata rigar ta yau: mata da bayi da baƙi mazauna gari ba su da murya, kuma majalisar mutum 500 da yawancin muƙamai da ƙuri'ar kaɗawa ake cike su, ba da zaɓe ba.

Wani zai ce, ai littattafan nan cike suke da gumaka. Haka ne. Malamanmu ma sun karantar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan jahiliyya a zaure don lugga, ba wanda ya ce sun bi addininsu.

Mataki na goma: Homer, da neman abokin tafiya

In ka yi shekara kana karanta zube, lokacin waƙa ya yi. Waƙoƙin Homer biyu, Iliyad da Odisi, kowanne kashi 24 ne. Na farko ya haura baiti 15,000, na biyu wajen 12,000. Fara da kashi na 9 na Odisi, labarin ƙaton nan mai ido ɗaya, ko kashi na 1 na Iliyad. Shafukan farko za su ba ka wuya saboda sababbin kalmomi, daga nan sai ka ga kirari da baitoci suna dawowa, domin waƙar baka ce kafin ta zama rubutacciya, kuma kowane gwarzo yana tafe da kirarinsa kamar a bakin makaɗin fada.

Ma'auninta na gaɓa mai nauyi da marar nauyi ne, irin arulin da rubutacciyar waƙar Hausa ke hawa. Ƙafa shida a baiti, kowace ƙafa mai nauyi ɗaya da marasa nauyi biyu, ko masu nauyi biyu. Kwafi baiti biyar a takarda, sa alama a kan kowace gaɓa, sannan ka rera kana buga cinya. Haddace baiti bakwai na farkon Iliyad. Kalmar farko μῆνιν ce, fushi, kuma a kanta waƙar duka ta rataya.

Sashen nazarin Girkanci da Latin na Jami'ar Ibadan ya daɗe yana koyarwa, haka jami'o'in Legon da Cape Coast a Gana. In waɗannan sun yi maka nisa, nemi malamin da ya yi Koine a makarantar tauhidin Kirista, zai iya duba maka baƙaƙe da sunaye da aikatau. In shi ma babu, mutum biyu sun isa: ku sa rana ɗaya a mako, ko ta WhatsApp, kowa ya zo da layi ashirin da ya shirya, ɗaya ya karanta ya fassara, ɗayan ya tsayar da shi a kan kowane aikatau ya ce ya kawo ginshiƙansa shida.